Madubi Biyu da San Surukina

Ko na manta shekaruna, waɗanda dama ban taɓa riƙe su daidai ba, akwai wani maraice na kaka da ba zai fita raina ba.

A zamanin mulkin soja ne. Na ari san surukina daga Furfuri don ya ja mini amalanke in kwashe dawa. Da magariba na ɗaure shi ɗaurin ganganci, na tafi hira. Kafin isha'i sai turke kawai na tarar. Wanda ya san nauyin suruki ya san gara in ɓatar da gonata.

Maƙwabcina yana da 'ya'ya biyu da suka zo hutu. Babban cikinsu soja ne, ya dawo daga yaƙi a waje da wani madubin gani cikin duhu. Ƙaramin yana gyaran injuna a Gusau, yana da wata na'ura kamar rediyo, mai madubin leƙawa, da yake gano ƙarfen da ya ɗau zafi. Kullum musu suke kan wanda nasa ya fi. Na ce, "To ga ranar gwaji, ku ceci babanku."

Ni da karatuna bai wuce aji biyu ba, har na ɗan manta da batun san, don ɗokin leƙawa. Na fara da na sojan. Duniya ta koma kore shar kamar miyar kuka! Ina ganin kowane kara, kowace kunya ta gona, amma sa babu. Sojan ya ce, "Baba, ɗan hasken taurari yake tarawa ya ƙara mai ƙarfi."

Na karɓi na ƙanen. Nan kuma gonar ta dushe, sai wasu ɗigo-ɗigo farare a ƙasa, a jere.

"Wutar aljanu ce?"

Ƙaramin ya ce, "Wannan ba ruwansa da haske, Baba, ɗumi yake gani. Taka ka ji."

Na taka. Kashin shanu ne, sabo, har tsakanin yatsu. Ban taɓa murna da ƙazanta irin ta ranar ba.

Muka bi ɗigon har bakin wata gonar wake. Can na hango farin abu mai ƙaho da tozo, a gefensa kuma mutum a tsaye, fari fat, ba ido ba hanci. Jinina ya hau. Na ɗaga sanda na kware baki: "Kai ɓarawon banza, tsohon kwarto! Sake shi ko in fasa maka kai!"

Sojan ya ɗora nasa madubin a ido. Sannan ya ce a hankali, "Baba, mai gemu ne. Da carbi a hannu. Kamar na san rawanin nan."

Surukina ne. Ya taso daga gida don ya ga yadda sansa yake, ya tsince shi yana cin waken mutane.

Na tuɓe takalma na durƙusa, ƙafa duk kashi. Tsohon ya miƙo mini igiya ya ce, "Na ji sallamarka, Malam. Gobe ma ka riƙe shi, amma a ƙara ƙulli."

Har ya rasu bai sake ɗaga maganar ba, ni kuwa ban sake iya ɗaga kai a gabansa ba.

Yaran suna tambayata wane madubi ya ci. Na ce na ƙanen ya gaya mini akwai mutum, na sojan ya gaya mini ko wane ne. Tun daga ranar, in na hango mutum da na farko, bakina a rufe yake sai na duba da na biyu.