Shinkafar Inna a Mangazata

Shekarar da na gama ginin gidana a Gaya, abin da na fara yi shi ne na tafi ƙauyenmu, can wajen Tounouga, na ɗauko Inna. A wajenmu ba a cewa mutum ya kama ƙasa don an ga mota ko babbar riga, sai an ji ya hutar da uwarsa. Ni da na fara da dakon buhu a bakin kogi, na koma sayen hatsi tiya-tiya, har na kai ga loda kamyo, babbar motar kaya, babu abin da nake jira kamar ranar da za a ce tsohuwata ta daina shiga hayaƙi. Na yi mata ɗaki da daɓen siminti, na sa fanka, na sayo katifa mai kauri.

Ba ta hau katifar ba. Tabarma ta shimfiɗa a gefenta, ta zauna kamar wadda ta zo jinya. Ba a yi nisa ba, wata safiya na fito zan tafi kasuwa, sai na tarar da murhu a jikin katangata ta waje, an aza rabin tano, wato ganga, hayaƙi yana hawan sabon fenti. Inna ce ta ci ɗamara tana turara shinkafa. Ashe ta aika ƙauye an kawo mata ta gonarta. Sana'arta ke nan tun kafin a haife ni: ta jiƙa shinkafa da ɓawonta, ta turara, ta shanya, a kai inji a cashe. Da ita ta ciyar da mu bayan rasuwar mahaifinmu.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta mutanen da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta dubana ido da ido. In tana da magana, sai ta ce wa matata, "Gaya wa mai gidan nan," ko da kuwa ina tsaye a wurin. Ni ma a haka na tashi, ban san yadda zan tsaya gabanta in ce mata bari ba. Don haka na tura matata. Ta dawo tana danne dariya.

"Ta ce a gaya maka hannunta bai mutu ba tukuna. Ranar da ya mutu za ta aiko."

Da abin ya tsaya a ƙofar gida, da na daure. Amma ranar kasuwa sai ta ɗauki daro da tiya ta zauna a layin mata masu shinkafa, inda ake hango ta daga bakin mangazata, shagon da nake ajiye hatsi. Akwai wani abokina mai kamyo da muke shan shayi tare, bakinsa ba ya ajiye magana.

"Alhaji, jiya na bi ta ƙofar gidanka, wallahi na ɗauka gobara ce."

"Inna ce take motsa jiki," na ce.

"A rana tsaka? Kai, in kasuwa ta juya maka baya har tsohuwa ce ke ciyar da gida, ka faɗa mana mu yi maka karo-karo. Ba abin kunya ba ne."

Aka bushe da dariya, ni ma na yi tawa ta yaƙe. Na koma zagayawa ta layin masu kifi don kada in wuce ta gabanta mutane suna kallonmu.

Ni ɗan kasuwa ne, abin da na kasa hanawa saye nake yi. Akwai wani dattijo mai amalanken jaki da ya daɗe yana yi mini jigila. Na ce masa duk ranar da shinkafar Inna ta dawo daga inji, ya je ya kwashe ta gaba ɗaya, kada ya yi tayi, ya ce wani mutumin ƙetare ne, daga Malanville, ya aiko shi. In ya ɗauko ya jibge mini a ƙuryar mangaza. Dabarar ta ci. Inna ta daina zaman kasuwa tunda babu abin da za ta kai. Hayaƙi dai yana nan, amma na sami sauƙin bakin mutane, har ina yaba wa kaina.

Ana nan, wata rana da hantsi ina tsakar gida, sai ga wata mata ta yi sallama. Mai abinci ce a bakin gada, tana sayar da shinkafa da wake ga direbobin da ke jiran duwan, wato kwastan. Mijinta ya rasu, da tukunyar nan take riƙe da ƴaƴanta. Ta durƙusa gaban Inna.

"Inna, kin yashe mu. Direbobi sun saba da taki, tana auki, ba ta caɓewa. Yanzu ta kanti nake dafawa, suna leƙa tukunya su wuce."

"Ba ni ba ce, ƴar nan. Wani ne daga ƙetare yake kwashewa, ko tayi ba ya yi."

"Ba ya tayi? To wannan wane irin ɗan kasuwa ne?"

Inna ta juya wajen matata. "Gaya wa mai gidan nan, shi da ya san mutane, ya binciko mana mutumin nan. A roƙe shi ya riƙa rage wa mata. Ko wane ne, ba a koya masa barin na wani ba. Laifin uwarsa ne."

Matata ta san komai. Ta sunkuyar da kai cikin tukunya kamar ta ga wani abu a ciki. Ni kuwa na ce, "To," na saɓa rigata na fita.

Na yi ta jan ƙafa, ina neman hanyar da zan warware abin ba tare da ya fito ba. Inna ba ta jira ni ba. Da mai amalanke ya sake zuwa ya gama lodi, sai ta kama buhu ta hau ta zauna a kai, mai abincin nan tana gefenta, ta ce tana son ta gaisa da mai sayen kayanta. Wa zai sauke tsohuwa daga amalanke? Daga baya dattijon ya rantse mini cewa ya so ya karkata wajen gada, amma jakin ya riga ya san hanya.

Bayan azahar suka iso. Ina zaune a bakin mangaza, ni da mai kamyo da wasu mutum biyu. Inna ta sauko a hankali, ta wuce mu ta shiga ciki. Tana ganin ɗinkin buhunan ta san nata ne. Ta kwance na ƙasa ta tura hannu. Danshin damina ya taɓa shi, ƙwari sun fara shiga. Ta daɗe tana duban abin da ke tafin hannunta, sa'an nan ta mayar, ta goge hannun a zaninta. Ba ta dube ni ba. Ta juya ta yi wa mai abincin magana.

"Ashe duk watannin nan don ƙwari nake tashi da asuba. Ni ina cewa mutane ke ci."

Mai kamyo, wanda ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya tashi ya tuɓe takalmi ya gaishe ta. Babu wanda ya yi dariya. Na so a ce sun yi.

Da na koma gida, matata ta tare ni a zaure. Inna ta ɗaure kayanta, gobe za ta bi motar Tounouga. Ta ce a can ko kaji ne za su ci tsakin aikinta. Na san in ta tafi a haka ba za ta sake kwana a gidana ba, kuma ba zan iya zuwa ƙauye in kalli dangi ba.

Na je na tsuguna a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu, na sa matata ta tsaya a bakin ƙofa. Mutum da furfura a gemu, ina magana da ƙarfi don a ji daga ciki.

"Gaya wa Inna ta yi haƙuri. Hutu na so ta yi."

Muryarta ta fito daga bayan labule. "Gaya masa na gode. Amma in na zauna, me zan ce wa mutane ina yi a duniya?"

"Gaya mata murhu yana nan. Kasuwa ma tana nan."

"Gaya masa wadda ke mangaza a tankaɗe ta, a sake shanyawa. Mai kyau a kai wa matan bakin gada, don tasu ce aka tare. Kuma ba jaki zai kai ba, jaki ba shi da laifi."

Haka aka yi. Da aka gama gyara ta, na loda a bayan motata da rana tsaka, na bi ta tsakiyar gari zuwa bakin gada. Na tuɓe babbar riga na riƙa sauke buhu da kafaɗata, aikin da na yi shekaru ban yi ba. Matan suka yi ta guɗa, direbobi suka taso kallo. Wani da ya san ni tun ina dako ya ɗaga murya, "Alhaji, an koma gidan jiya ke nan?" Ban amsa ba, na ci gaba da saukewa har buhu na ƙarshe, gumi yana shiga mini ido.

Da na dawo, matata ta ce Inna ta tambayi su wa da wa suka samu, ta lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta kwance ƙullin kayanta ta mayar da su inda suke. Ta kuma bar mini saƙo: itacen da ke nan ba zai kai jibi ba, a sayo wani, kuma a duba kada a kawo mata ɗanye.