Gunnvor da Kujerar Minista

Gunnvor Lia ungozoma ce, 'yar garinmu na masunta da ke bakin teku. Shekara goma sha tara ta yi a wani ƙaramin asibitin haihuwa a ƙasar waje, wanda gwamnatinmu ke ɗaukar nauyinsa. Da aka naɗa Torleif Vangen, ɗan majalisar yankinmu, ministan agaji da raya ƙasashen waje, sai ya rufe asibitin. Da 'yan jarida suka matsa masa, ya ce matar da ke riƙe da wurin ce ta yi sakaci har ya lalace.

Ta dawo gida sunanta a ɓace, ba asibitin da ya yarda ya ɗauke ta. A gidan kula da tsofaffi ta samu aiki.

Ni maƙwabciyarta ce. Wata rana muna shan kofi na ce, "Ki kai shi kotu mana."

"Ya turo lauya, shi yana zaune a ofis? A'a, Ragna. Idonsa nake so in gani."

Sai ta yanki katin jam'iyyarsa. Shekara huɗu tana dafa kofi tana toya waina a kowane taron reshe, ba ta taɓa ɗaga murya ba. A hankali ta shigo da matan masunta, da ma'aikatan jirgin fito, da duk tsohon da ke iya riƙe biro cikin jam'iyyar. Ni ma ta ja ni, alhali ban taɓa zaɓar jam'iyyar ba.

Ranar tsayar da ɗan takara, Vangen ya zo ɗakin taron makaranta yana ta miƙa hannu. Ya kurɓi kofinta ya ce, "Wannan babu irinsa a birni. Yaya ma sunanki?"

"Za ka ji shi anjima."

Da aka ba da damar magana ta miƙe, ta faɗi sunanta, ta ciro wasiƙar da tsohuwar abokiyar aikinta ta aiko. Sunayen mata goma sha ɗaya ne da suka rasu a hanyar asibitin nesa tun bayan rufewar. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, tana kallonsa, ta zauna.

Aka jefa ƙuri'a, wani malamin makaranta ya kayar da shi.

Ya same ta tana tattara faranti, fuskarsa ta yi ja. "Duk wannan a kan magana ɗaya?"

"Ɗaga ƙafarka, Torleif, kana taka mini wayar lantarkin tukunyar kofi."

Ba a sake buɗe asibitin ba, ita ma ba ta huce ba. Yanzu ta haura saba'in. Vangen ya dawo garin da zama, kuma duk ranar da suka haɗu a layin sayen kifi sai ta gaishe shi yadda kowa zai ji: "Ranka ya daɗe, tsohon minista. Yaya zaman gida?"