Yaron da Yayata Ba Ta Ƙirga Ba

Shekarun baya ne, kuma ina roƙon afuwa tun yanzu: wasu abubuwan sun dushe mini, wasu kuma ban tabbata ba ko mafarki ne ya ƙara musu launi.

Lokacin da gubar dalma ta shiga ƙauyukan Anka, ina zaune gida da digiri ba aiki. Sai masu gwada jinin yara suka ɗauke ni tafinta. Wata nas 'yar Kudu nake bi gida-gida. Ranar farko ta ce abu ɗaya take so, in zama "honest". Na buɗe ƙamus har sau uku: mai gaskiya, mara ɓoye-ɓoye, wanda ba ya ƙari. Na ƙudurta abin da aka faɗa shi zan juya, ko wasali ba zan daɗa ba.

Ranar da muka shiga gidan auren yayata an yi yayyafi, ƙasa na ƙamshi. Ga turmin da ake dakan dutsen zinare, mai ɗauke da dalmar, a kife gindin darbejiya, kaji na kiwo kewaye da shi. Komai ya yi shiru kamar ana kallonsa ta cikin ruwa.

Nas ta tambaye ta yara nawa gare ta.

"Biyu na," in ji yayata.

Na juya, nas ta rubuta biyu. Ni kuwa na san uku ne. Ɗan farinta yana ɗakin surukarta, a cikin wannan gidan. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ƙirga shi gaban mutane, don kunya. Wanda ba a rubuta ba kuwa ba za a gwada jininsa ba.

In na yi magana na yi ƙari, na kuma mai da yayata maƙaryaciya gaban baƙuwa. A hankali na ce, "Yaya, na wurin tsohuwa fa?"

"Kai dai Allah shi shirye ka. Wanga boko ya cire maka kunya."

Muka tashi za mu tafi, ni da digirina. Har mun kai bakin zaure sai na ji muryarta. Ba ni take kallo ba, katanga take wa magana: "A gaya ma baƙuwa, akwai wani yaro ɗakin tsohuwa. Kwana biyu ba shi cin tuwo."

Wannan kam na juya shi da gudu. Aka gwada yaron, aka kai shi Anka jinya, ya warke.

Har yau in na ci karo da kalmar nan "honest", a takardar shaida ko a wa'azin ofis, ba kaina nake tunawa ba. Ni na tsaya gadin kalmomi. Yayata ce ta fitar da gaskiya, a ganina dai, ba tare da ta zubar da kunyarta ba.

Wanda ya yi aikin nan tare da mu, in ya ga na kauce, don Allah ya aiko mini da gyara. Yayata kam ba za ta aiko ba. Na karanta mata, ta ce ita ba ta san yaron da nake nufi ba.