Lallen Birni a Farcen Kaka

Ranar Laraba ce, saura kwana uku Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. An idar da azahar, gidanmu da ke wani ƙauyen masunta a bakin tafki, kudu da Yelwa, ya cika da hayaƙin bandar kifi da kukan ragon layya da aka ɗaure a jikin rumbu. Kakata, mahaifiyar babana, tana zaune a gindin dalbejiya ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, ni kuma na durƙusa a gabanta riƙe da wata 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba. Jan farce ne. 'Yar kawuna ce ta zo da shi daga Kaduna, da za ta koma ta bar mini sauran, na ɓoye shi a cikin tukunyar gero wata biyu cur ina jiran Sallah. Na riga na shafa a nawa farcen, ina ta ɗaga hannu ina kallon yadda yake sheƙi, sai zuciya ta raya mini ai bai kamata in yi wannan kyau ni kaɗai ba. Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara, kuma duk abin da na samu, ko rabin ƙuli-ƙuli ne, sai na kai mata.

Na kama hannunta na fara shafawa. Ta ja hanci, ta ce, "Takwara, wanga wane irin lalle na mai warin hetur?" Na ce lallen birni ne, shi ake yayi yanzu. Sannan ta yi tambayar da ta fi damunta: "Ruwa na shiga kuwa?" Ban sani ba. Wallahi ban taɓa tunanin abin ba. Amma ni yarinya ce mai baki, ba na son a tambaye ni in ce ban sani ba, sai na amsa da ƙarfi, "Shina shiga mana, Kaka, ai lalle na." Ta sakar mini hannu. Na shafe yatsun hannu goma, na koma na ƙafa goma, ina hura musu iska har suka bushe.

Dole in faɗi yadda Kaka take da tsarki, don a gane girman abin da na yi. Ciwon yana ya rufe mata ido tun kafin in yi wayo, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa, amma ba ta taɓa yarda wannan ya zama dalilin wasa da alwala ba. Butarta daban take, a rataye, babu yaron da ya isa ya taɓa. Zanen sallarta yana cikin wani kwando mai murfi, nesa da kaji. A gidan masunta kuwa ɓawon kifi ba ya rabuwa da jikin mutum. Kana fere ƙarfasa zai tashi ya manne maka a hannu, ya bushe, ba ka ma ji. To, aikina ne kullum kafin ta yi alwala in duba mata hannaye har gwiwa, da ƙafafu har idon sawu, in ɓanɓare duk ɓawon da ya maƙale. Daga bakinta na fara jin kalmar lam'a, wato ɗan wurin da ruwan alwala bai taɓa ba. Takan ce, "Lam'a ko kamar ƙwayar gero ta, ta ɓata alwala, alwala ko in ta ɓaci ta tahi da salla." Muna yi mata dariya a bayan ido, muna cewa Kaka takan daɗe a kan alwala fiye da yadda liman yake daɗewa a kan huɗuba. Ni ce idonta, ta yarda da ni ɗari bisa ɗari.

Kwanakin da suka biyo baya babu wanda ya ga aibun abin. Matan gida sun gani, suka yi ta tsokanarta cewa tsohuwa ta zama 'yar birni, ita ma tana dariya tana shafa farcen da babban yatsa, tana cewa santsinsa ya yi mata. A lokacin matan ƙauyenmu lalle kawai suka sani, wanda ake tsinko ganyensa a bayan gida, a daka, a kwaɓa, a ƙunsa da tsumma a kwana da shi. Babu wadda ta san hukuncin abin kwalba. Kuma kowa yana cikin hidima: ana surfen shinkafa, ana yankan albasa har ido ya yi ja, ana layin kitso a gidan maƙwabta, mu yara muna zarya wurin tela muna leƙen ko an sa wa rigunanmu hannu. Da yamma mu taru a dandali mu yi gaɗa, ni kuwa ina tafi da ƙarfi don kowa ya ga yatsuna. Kaka ta yi azumin ranar Arfa, ta yi sallolinta a kan lokaci kamar kullum, ina tsaye ina zuba mata ruwa.

Ranar Asabar aka sauko daga Idi. Ina cikin ƙawayena a bakin fili, sai malamarmu ta Islamiyya, wadda ba ta daɗe da dawowa daga karatu a Sakkwato ba, ta kama hannuna tana yi mini barka da Sallah. Ta dubi farcen, ta ja ni gefe don kada ta kunyata ni. Ta ce lalle rini ne, yana shiga fata ya bar ruwa ya wuce, amma wannan fenti ne, yana zama a kan farce ya tare ruwa, duk alwalar da aka yi da shi ba ta yi ba. Ta ce in je in kankare, in rama sallolina, Allah ba zai kama ni ba tunda ban sani ba. Ita ta ɗauka maganar tawa ce ni kaɗai. Ni kuwa tun kafin ta rufe baki ba farcena nake gani ba, farcen Kaka guda ashirin nake gani.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne washegari. Kaka tana da ƙanwa ɗaya tilo da ta rage mata a duniya, Kaka Hure, wadda take zaune a tsallaken ruwa. A gari ɗaya aka haife su, amma da aka datse kogi ruwan tafki ya ci tsohon garinsu, sai aka tsugunar da dangin miji na wannan a nan, na waccan a can. Sau ɗaya suke haɗuwa a shekara, washegarin Babbar Sallah, ranar da mutanen ƙauyenmu suke haɗa kai su ɗauki babban jirgi mai inji su je gaisuwar Sallah, su dawo da la'asar. Ƙananan kwale-kwale ba su zaunuwa ga Kaka saboda gwiwoyinta. Duk shekara wannan rana take jira. Tun a daren jajibere ta ce in an yanka rago a ware wa Hure hanta da tsoka mai kyau, a soya, a zuba a samira a ɗaure da ɗankwali.

Yinin Sallah ɗin nan ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Aka yanka rago, aka ba ni ƙoda gasasshiya wadda nake faɗa a kanta kowace shekara, na ajiye ta ban ci ba. Na faɗa wa innata maganar malama a bakin murhu, da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Ta saki ludayi ta yi salati, ta yi tunani, sannan ta ce in rufe bakina sai an dawo daga tsallake, kwana ɗaya ba zai canza komai ba, a bar tsohuwa ta ga 'yar'uwarta. Maganarta ba ta mugunta ba ce, kuma na amince da ita. Na zuba wa Kaka ruwan la'asar, na zuba na magariba, ina kallon ruwan yana zamewa a kan jan farcen kamar a bayan agwagwa. Kowace zubawa ji nake ina ƙara yi mata ƙarya.

Da safiyar Lahadi, rana ta fito, Kaka ta ci ado da zanen saƙi da take ajiyewa don wannan tafiya, samira tana gefenta, ana jin ƙarar injin jirgi daga bakin ruwa. Ta miƙo mini hannaye ta ce, "Duba man, Takwara, ko akwai wani abu." A nan na kasa. Na fashe da kuka na faɗa mata komai, har da cewa ban sani ba ranar da na ce na sani. Ba ta daka mini tsawa ba. Ta tambaye ni wace rana ce na shafa, bayan wace sallah. Ta lanƙwasa yatsu tana bi ɗaya bayan ɗaya, daga la'asar ta Laraba zuwa asubar ranar, ta ce goma sha tara ke nan. Sannan ta kwance mayafinta ta ninke, ta ce a kawo reza.

Babana ya ruga gidan liman ya dawo da amsa: babu laifi a kanta tunda ba ta sani ba, ramuwa dai za ta yi, kuma tana iya kankarewa a cikin jirgi ta rama a can idan sun isa. Ya durƙusa yana lallashinta, innata tana taya shi. Kaka ta girgiza kai. Ruwan nan ne ya ci mijinta, kakanmu, wata safiya da babu ko gajimare, kuma a shekarar damina ta riga ta fara, iska tana tasowa ba sallama. Ta ce, "Ban hawa ruwa da salla ga wuyana. Wanda yas shiga jirgi bai san ko shina hita ba." Mai jirgi ya yi kara, ya jira har hantsi ya ɗaga, amma akwai masu goyo a cikin rana, ga kuma dawowa kafin hadari. Aka karɓi samirar aka tafi da ita. Muna ji ƙarar injin tana raguwa har ta ɓace.

Ni na kankare. Mun gwada kalanzir bai yi komai ba, sai reza da dutsen goge kaushi, farce bayan farce, kuma kowanne sai ta shafa da yatsa ta tabbatar babu sauran santsi a lungunsa. Sau biyu na yanke ta, ba ta ko motsa ba. Ta kama nawa ta sa innata ta kankare, muka yi alwala tare. Ta ɗebo ƙwayar masara goma sha tara ta ajiye a damanta, duk sallar da ta idar sai ta mayar da ɗaya hagu. A zaune take yi saboda gwiwa, a hankali, ba ta gutsure ko harafi. Ni ina bayanta ina bi, ƙawayena suna wucewa ta ƙofar gida da sababbin kaya suna kirana yawon Sallah. Ba mu gama ba sai da aka kira azahar. Da jirgi ya dawo aka kawo mata samirarta cike da busasshen kifi da saƙon Kaka Hure cewa ta ji, ta yi dariya, kuma in ruwa ya kwanta a lokacin kaka sai yayarta ta zo ta nuna mata farcen birni.

Ba a kai ga yankan shinkafa ba aka aiko Kaka Hure ta rasu, zazzaɓin kwana biyu. Ranar na gudu na ɓuya a bayan ɗakin banda, don na tabbata yanzu kam Kaka za ta tuna wanda ya hana ta tafiya. Innata ma da ta same ni ba ta iya ɓoyewa ba, ta ce cikin kuka, "Da kin haƙura kwana guda." Da la'asar Kaka ta aiko a kira ni. Na je ina jan ƙafa, ta laluba ta kamo kaina ta ɗora a cinyarta, idanunta da ba su gani suna zubar da hawaye. Ta ce, "Ina kewar Hure, ban ɓoye miki. Amma ta riga ni na kawai, ina tahe, can mu gaisa. Da kin yi shiru kin bar ni nis shiga ruwa hakanan, shi na abin da ban yahewa." Daga nan ta miƙo mini hannaye, ta ce in duba mata, lokacin sallah ya yi.

Yanzu ina zaune a Yelwa da 'ya'yana mata uku. Sun san hukuncin jan farce tun kafin su iya ɗaura zane, kuma akwai ruwan goge shi a kowane shago, minti biyu an gama. Gaisuwar Sallah ta koma ta waya, mutum yana kwance a ɗaki zai gaida na tsallake har ya ga fuskarsa, babu mai jiran jirgin shekara. Duk wannan sauƙi ne, na gode wa Allah da shi. Sai dai idan na ga yadda muke watsa ruwa a gaggauce don kada nama ya ƙone a wuta, nakan tuna tsohuwar da ta ajiye ganin 'yar'uwarta saboda abin da bai kai faɗin kobo ba a kan farce. Har yau wani sashe na zuciyata yana tare da innata, yana cewa kwana ɗaya ne fa. Kaka ta yafe mini tun a ranar. Ni ce na daɗe ban yafe wa kaina ba.