Ranar da Motar Baba Ta Kama Hanyar Dapango

Injin niƙan maƙwabtanmu ba ya tashi da sau ɗaya. Sai ya yi tari, ya yi shiru, ya sake yin tari, sannan ya kama. Duk safiyar da na ji shi sai in ajiye abin da ke hannuna, domin haka motar mahaifina take yi kafin ta tashi. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, jikata ce ke rubutawa ina faɗa mata. In ka ga magana ta yanke, kuka ne ya zo mini, ka yi haƙuri da ni.

A zangon Sokode aka haife ni, a gidan fatake. Kakanninmu da jakuna suka yi fataucin goro, amma Baba shi mota ce ta shiga ransa. Ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, ina ƙarama sosai. Baƙa ce, mai dogon hanci, kujerunta na fata. In rana ta buge ta aka buɗe ƙofa, wani ƙamshi ne ke fitowa, na fata da goro da man inji, wanda har yau ban ƙara jin irinsa ba. A hancinta akwai ɗan rami da ake zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a juya da ƙarfi har ta tashi. Manibel suke ce masa.

Kowace Lahadi bayan la'asar, masu irin waɗannan motoci suna taruwa a ƙofar gidanmu, ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Wasu sun zo sun wuce, amma huɗu ne ba sa fashi. Akwai Baba Tela da 'yar motarsa mai doro kamar kunkuru. Akwai Tsohon Direba, Bakotokole ne, ya gama rayuwarsa a kan manyan motoci ya koma kiwon wata tsohuwar akori-kura. Akwai malamin lakwal, mutumin kudu, Kirista, kowa Musye yake ce masa. Tasa fara ce, iri ɗaya da ta Baba, yana goge ta da hankicin aljihunsa. Na huɗun malaminmu ne na allo. Shi ko keke ba shi da shi, da buzunsa yake zuwa, yana cewa ya zo yi wa masu turi addu'a.

Abin da suke yi ba shi da yawa. A buɗe hancin kowace mota, a tayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi shiru ya karkata kunne kamar masu sauraron wa'azi. Daga nan sai musu. Wannan ya ce tana shan iska, wancan ya ce mai ita ne ba shi da kunne. Ana shan shayi, ana fasa goro. Da damina su yi ta ƙorafin tsatsa, da bazara mangwaro ya riƙa faɗowa a kan rufin motar Musye yana tsalle yana faɗa da itace da Faransanci. Ranar Salla kuwa sai su jera a hankali har filin idi, mu yara a baya cikin sababbin kaya, muna ɗaga wa mutane hannu. Musye ya kai mu, ya tsaya nesa yana gadin motocin har a sauko. Inna ba ta son taron saboda sabulunta da yake ƙarewa a wankin ƙarfe, amma ita ce ke fara ɗora ruwan shayi.

Suna da doka guda: ba a aron kayan mota. Ko ƙusa ba a cirewa daga wata a sa wa wata. Asalinta, Baba Tela ya taɓa aron wani abu a injin Baba, ya dawo da shi a lalace, suka yi damina guda ba sa gaisawa sai a masallaci. Da aka sasanta su aka kafa dokar, kuma na girma na yi aure ban ga an karya ta ba.

Maigidana ɗan mahauta ne, yana sayen dabbobi a kasuwannin arewa. Bai taɓa mallakar mota ba. Amma da ƙarfin Baba ya ragu, shi ne ke zuwa kowace Lahadi ya juya masa manibel, sannan ya bi sauran ya juya musu. Sun sa masa suna surukin mota. Da Baba ya rasu motar ta zauna a rumfarta, su kuma ba su daina zuwa ba. Maigidana ya tayar da ita, su saurare ta, su yi wa Baba addu'a, a kashe.

Sai shekarun nan suka zo da ƙasa ta rikice. Ana ta maganar jam'iyyu, samari suna ƙona tayoyi a kan titi, sojoji suna tsare hanya. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya suka fara tambayar juna daga ina kake. Musye ya daina fitowa daga gidansa, sai dai a aika masa da gaisuwa. Aka shiga dogon yajin aiki, man fetur, wanda mu muke ce wa isansi, ya ɓace daga gari. Tsofaffin nan kowa ya ɓoye ɗan abin da yake da shi a jarka a ƙarƙashin gado, yana tsiyaya kaɗan ranar Lahadi don kada injin ya kwanta ya mutu.

A cikin wannan hali maigidana ya bi wata babbar mota zuwa kasuwar Sinkase, ya ce ba za mu zauna yunwa ta kashe yara ba. Hanya ta rufe a bayansa. Muka yi ta jira. Wata safiya wani mai koro shanu da ya zo a ƙasa ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce ciwo ya kama maigidana, an kai shi gidan yayarsa a zangon Dapango, ba ya iya tashi, sunana yake kira.

Na tafi tasha da zane ɗaya a ƙulle. Babu mota ko guda, sai awaki a ƙarƙashin rumfuna. Na zagaya gidajen direbobin da na sani, kowa ya nuna mini tankin da ba komai. Ranar Lahadi ce. Ban san yadda ƙafata ta kai ni ƙofar gidanmu ba, na dai ga kaina zaune a ƙasa gaban tsofaffin ina kuka kamar yarinya.

Da suka ji abin da ya faru, ka san abin da suka fara yi? Musu.

"Tawa za ta je," in ji Baba Tela. "Ba ta shan mai."

"Kunkurun naka?" in ji Tsohon Direba. "Ko gadar bakin gari sai an tura ta. Tawa ta san hanyar nan kafin a haifi 'yar nan."

"Ta san ta, amma ta manta."

Malam ya bar su suka yi, sannan ya ce, "Ku ji tsoron Allah, yarinya tana kuka. A cikin motocinku babu wadda za ta kai ko Bafilo da ke nan kusa, kun sani, na sani."

Tsohon Direba ya tashi ya shiga rumfa, ya daɗe yana zagaya motar Baba. Ya fito ya ce injinta ya fi na kowa lafiya, ita kaɗai za ta iya hawa duwatsu. Amma tayoyinta sun tsage, batirinta ya yi sanyi, tankin ruwanta yana yoyo. Kowa ya san abin da maganar take nufi. Na ga suna kallon ƙasa.

Baba Tela ne ya fara miƙewa, da ƙyar, yana dafa gwiwa. Ya ɗauki sifana ya buɗe motarsa. "Saboda ni aka kafa dokar nan," ya ce. "Ku bar ni in karya abata." Ya ciro batirin ya rungumo shi kamar jariri.

Tayoyi da tankin ruwa kuwa na motar Musye ne kaɗai za su shiga. Malam ya naɗa rawaninsa ya ce shi zai je, a ga wanda zai yi magana. Ba a jima ba muka hango su a kan titi, a gaban duk unguwa, malamin allo da malamin lakwal, kowa yana gara taya da hannu. Musye ya rame. Ya tsaya a gabana ya ce, "'Yata, share hawayenki. Mijinki ya juya mini manibel shekara da shekaru, ban taɓa ce masa sannu ba." Suka koma suka kwaso sauran. Kafin magariba kowa ya kawo jarkarsa, har ɗan abin da ya rage a tankunansu suka zuƙo da tiyo, suna tofarwa suna tsine wa ɗanɗanonsa.

Bayan sallar asuba muka tashi. Tsohon Direba a sitiyari, Malam a gefensa da carbi, ni a baya inda nake zama ranar Salla ina yarinya. Bazara ce, zafi tun da hantsi. A hawan dutsen Alejo motar ta riƙa nishi, Tsohon Direba yana shafa ta yana yi mata magana da Kotokolanci. Duk rafin da muka tarar sai mun tsaya an ba ta ruwa. Ni ban ga gari ba, ban ga daji ba, zuciyata tana can gaba, ina roƙon Allah Ya bar mini shi har in isa.

Bayan Kara muka tarar da shingen sojoji. Da muka tsaya injin ya mutu. Wani soja matashi ya leƙo da fuska a ɗaure, ya dubi motar, dariya ta ƙwace masa.

"Tsoho, ina za ka kai kakarka?"

"Dapango, ɗana. Mijin wannan baiwar Allah ne ba lafiya."

Ya dube ni, ya ga idona, ya daina dariya. Ya ce mu wuce. Tsohon Direba ya fita da manibel, ya juya, ya juya, hannunsa ya gaza. Sai sojan ya rataya bindigarsa a baya ya kira 'yan'uwansa, suka tura mu har ta kama. Malam ya leƙa ta taga yana sa musu albarka.

Muka wuce Sansanin Mango, muka wuce Tanjuware, gonaki duk a share ana jiran ruwa. A Bombuwaka, da la'asar, motar ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, hayaƙi ya turnuƙe, ta tsaya. Tsohon Direba ya buɗe hancinta ya duba, ya rufe a hankali. Na san ta gama. Bai tsaya jimami ba, ya tare wani manomi, ɗan ƙabilar Moba, da ke dawowa daga kasuwa a kan keke, ya yi masa magana da yarensu. Mutumin ya sauke buhun gyaɗarsa a bakin hanya ya ce in hau. "Tafi, 'yata," in ji Tsohon Direba. "Ni zan zauna da ita."

Ana kiran magariba na shiga gidan. Na same shi da rai. Ya zama ƙashi da fata, amma ya gane ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Da me kika zo?"

"Da motar Baba."

"Wa ya juya mata manibel?"

Na ce sojoji ne suka tura. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe, kuma ni na ji ta.

'Yan kwanaki Allah Ya ba mu. Ni na dama masa kunu, ni na goge masa jiki, ni na yi masa fifita. Ya faɗa mini abin da yake so a yi wa yara. Ya nemi gafarata na nemi tasa. Da lokaci ya yi kansa yana kan cinyata, Malam, da ya biyo bayana washegari, yana gefe yana laƙƙana masa kalmar shahada. Shekaru sun wuce da yawa, har yanzu ban daina kukansa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma na san matan da aka aiko musu da labari kawai, ba su ga ko kabari ba.

Motar Baba ba ta dawo ba. Injin ya ƙone, aka tura ta bayan gidan manomin nan, da tayoyin Musye da batirin Baba Tela a jikinta. Kafin hanya ta buɗe a yi maganar ɗauko su, damina biyu ta bi ta kansu. Farar motar Musye ta zauna a kan duwatsu har kaji suka mayar da ita gida. Ta Baba Tela ta kwana ba tashi har injin ya ƙame. Akori-kurar ma ba ta daɗe ba.

Da na fita takaba na je ranar Lahadi. Suna nan a ƙarƙashin mangwaro, duk da ƙafa suka zo, babu mota ko ɗaya, suna musu a kan wadda ta fi gudu a da. Na durƙusa na ce su yafe mini, saboda ni suka rasa abin da suka yi rayuwa suna tattali.

Baba Tela ya ce, "Kin same shi da rai?"

Na ce na same shi.

"To me kike nema a nan ƙasa? Tashi ki kawo mana shayi."

Daga ranar babu wanda ya ƙara tayar da maganar a gabana, har suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Musye ne na ƙarshe. Mutanen zango suka raka gawarsa har ƙofar cocinsu.

Yanzu an sare itatuwan, shaguna ne a wurin. Jikokina suna hawa babur, suna kiran Dapango a waya su ji muryar mutum kafin ruwa ya tafasa. In na ba su labarin nan sai su tambaye ni nawa irin motocin za su yi a yau. Ban sani ba, su ma masu su ba su tambaya ba ranar da suka ɗauki sifana. Ni dai duk sallar da na yi, in na gama roƙa wa maigidana da iyayena, sai in kira tsofaffin nan huɗu, in haɗa da mai keken da ko sunansa ban tambaya ba.