Goran Irin Baffa Bawa

Baffa Bawa ya mutu a gonarsa da fartanya a hannu, kuma har yau ban huce ba.

Ku da kuka san shi a Zuru, dariya kuke yi in an ambace shi. Ku yi abinku. Ba ku kuka ɗauki kaya a ka saboda shi ba. Kun dai san gajeren tsohon nan mai ɗingishi, da ɗan gora rataye a wuya, an toshe bakinsa da tsumma. Da shi yake sallah, da shi yake shiga kasuwa, ko wanka zai yi sai ya rataye shi inda idonsa ke gani. Irin jar dawar gidanmu ne a ciki, an cakuɗa da toka don kada ƙwari su ci. Kun kuma san maganarsa, wadda ya jefi kowa da ita, tun daga mai unguwa har mai tallan fura: "Mai sayen hatsi maraya ne."

Ni maraya ne na gaske, kuma hatsi nake saye. Shi ƙanen ubana ne, ya san duka biyun. Bai taɓa rage murya don ina wurin ba.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Danko. Ban gama zama saurayi ba mahara suka faɗo mana da hantsi, masu dawaki, masu kamun bayi. Suka kashe ubana. Suka ɗaure ni da uwata a igiya ɗaya, ita ba ta kai ƙarshen tafiyar ba. Na yi bauta a kudu har Turawa suka zo, igiya ta saki, na dawo da ƙafata. Ban nufi ƙauye ba. Zuru na zauna, inda akwai mutane da kasuwa da barikin soja. Na kama sayar da gishiri da kanwa, na auri Kande. Abin da idona ya gani na ƙarshe a ƙauyenmu ranar nan shi ne bayan Baffa Bawa, yana haye dutse a guje, rungume da goran nan. Gora ya ɗauka. Bai ɗauke ni ba.

Duk da haka, da aka ce mini yana can kufai shi kaɗai, kurkunu ya kama masa ƙafa, sai na ari jaki na je na ɗauko shi. Ya zage ni tun daga can har ƙofar gidana. Da ya gaji da ni ya koma zagin jakin.

Kande ta tuƙa tuwo, ta yi miyar kuka da man shanu, ta durƙusa ta ajiye masa. Ya buɗe akushi, ya sunsuna.

"Ɗiyata, wa ya noma wagga dawa?"

"Kasuwa na sayo, Baffa."

"Ban ce ina kika samo ba. Wa ya noma?"

"Wallahi ban sani ba."

Ya ture akushin da yatsa ɗaya. "Ba ni cin tuwon da ba a san ubansa ba."

Na ce wa Kande ta ƙyale shi, yunwa ba ƙanwar uwarsa ba ce. Kwana biyu ruwa kawai yake sha, yana kallonmu muna ci kamar ya kama mu da sata. Rana ta uku ya dafa sanda, ya sa Kande ta kai shi wurin mai awon da ya sayar mata da dawar. Ya zauna a gaban mutumin ya miƙe ƙafa. Daga wane gari aka kawo? Wasagu. Gonar wa? Jigawa ce ko fadama? Takin shanu aka sa ko na awaki? Mai gonar yana sallah? Ubansa ma manomi ne? Mutane suka taru. Mai awo ya kife mudunsa ya ce, "Baba, hatsi za ka saya ko aurenta kake nema?"

Baffa ya ce, "Kai yaro, mata a ɗaki take kwana. Wagga cikina za ta kwana."

Daga ranar ya fara ci. Amma ba ya kai loma baki sai ya juya gabas ya ce, "Sannu da aiki, mutumin Wasagu." Kande da ta daka, ta tankaɗe, ta sha hayaƙi, ko sannu.

Wannan da sauƙi. Na filin fareti ne ya ci wuyana.

Kun tuna filin da Bature ya sa aka share kusa da bariki, inda soja ke taka ƙasa da safe. An sassabe shi, an cire kututture, an kwashe duwatsu, ya yi fes. Baffa ya riƙa tsayawa a gefe yana kallo, yana girgiza kai. Ni na ɗauka sojan yake kallo. Ashe ƙasar yake kallo. Ruwan fari ya sauka ranar kasuwa, soja duk sun watse. Tsoho ya shiga da sungumi. Bayan kwana biyar saje ya fito da mutanensa, sai ga tsiro layi-layi tun daga gindin tuta har bakin hanya, ya fi layin sojan miƙewa.

Ba a sha wahalar nemansa ba. Yana wurin, yana korar awaki daga gonarsa.

Aka kai mu gaban Bature, ni da shi, tunda a gidana yake. Tafinta ya ce, "Bature na tambaya, wa ya ba ka izini?"

Baffa ya ce, "Tambaye shi, wa ke share fili bai shuka ba? In ba mahaukaci ba."

Tafinta ya yi tari. Ya juya ya faɗi wata 'yar gajeriyar magana da Turanci.

Baffa ya ce, "A'a! Tawa ta fi haka tsawo. Faɗa mai duka. Ka ƙara mai da cewa ƙattin ga nashi da ke dukan ƙasa da ƙafa tun safe, in ya ba su fartanya, bana ba ya sayen hatsi."

Ni dai ina durƙushe, gumi na bin bayana. Na san abin da mai iko ke iya yi wa mutum, Baffa bai sani ba, shi dutse ya hau. Bature ya yi dariya har ya yi ja. Da ya gama ya ce tsoho ya wuce hukunci, amma mai gidan da ya kasa tsare shi zai bi ayarin 'yan dako zuwa Yelwa. Aka ɗora mini bahon wankan Bature. Na kai shi Yelwa a ka, na dawo da shi a ka, cikin ruwa, cikin laka, rumfata a rufe. Na shigo gida ƙafafuna sun kumbura, wuyana ba ya juyawa. Baffa na zaune gindin bango. Ya ɗago kai.

"Tanko, ka dawo? Yaya dawar mutanen can, ta kai gwiwa?"

Wallahi da ba ƙanen ubana ba ne!

Na ce, "Soja sun tattake shukarka. Iri ya ƙare, sai hankalinka ya kwanta."

Ya ɗaga goran ya kaɗa mini a kunne. Caka-caka. "Wawa ke juye gora. Rabi ƙasa, rabi wuya. In ruwa ya yaudare ka, da mi za ka sake? Ubanka ya san wannan tun bai yi kaciya ba."

Da ƙafarsa ta warke ya ce zai koma. Ranar muka yi ta. Na ce masa ƙauye ba wurin zama ba ne, wurin jiran mutuwa ne. A gari in ciwo ya kama ka akwai mai magani. In wuta ta mutu ka ɗebo a maƙwabta. In kana son gishiri ga shi, in kana son labari ga fatake. Na ce a gari in ka yi ihu mutum ɗari za su fito.

Ya ce, "Awo. Su fito kallo."

"A ƙauyenka wa ya fito?"

"Can ko ba kowa, ƙasa ta san ni. Nan ko kashi za ka yi sai ka gai da mutum uku."

Sai na ja wuyan rigata na nuna masa shatar igiya. Na ce, "Ga abin da ƙauyenka ya ba ni. Ubana yana can ba kabari. Uwata tana bakin wata hanya, ban san wace ba. Kai kuma na gan ka. Gora ka runguma ka hau dutse. Hatsi ka zaɓa ka bar ɗan wanka. Kuma kai ne mai bakin ce wa mutane marayu?"

Kande ta saki muciya. Baffa ya buɗe baki, ya rufe. Sau ɗaya ke nan a duniya na ga ya rasa amsa. Da gari ya waye ya ɗauki sandarsa ya tafi. A bakin gari ya tsaya ya karkaɗe ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, wai kada ya kai wa gonarsa ƙurar masu saye.

Sau ɗaya na je duba shi, da rani, Kande ce ta matsa. Na tarar ya gyara bukka guda cikin kangon gidanmu, ya kuma haƙa rami a tsakiyar gona, dogo, an gyara gefensa sumul, an rufe da zana.

"Baffa, wannan fa?"

"Kabarina. Ku mutanen gari ba ku iya haƙa ba, ku karkata ni."

Na ɗaga zanar. Dankali ne cike.

"Rami ba ya zaman banza," in ji shi. "Kafin mai shi ya zo."

Na ajiye masa gishiri na juyo. Ya bi ni da murya, wai gishirin wa ya haƙo shi.

Damina ta kama. Ina rumfata a kasuwa sai ga wani Bafulatani mai kiwo a wajen kufanmu, Jauro, ya yi sallama ya tsuguna. Ya ce tsoho ya cika shekaranjiya, a gona, bakin kunyar shuka ta ƙarshe. Su suka yi masa sutura, ba su sha wahala ba, sun tarar ya kwashe dankalinsa tun kwana biyu kafin nan, ya share ramin. Sannan ya ciro goran daga cikin rigarsa ya miƙo mini.

Na karɓa. Ba nauyi. Na kaɗa. Shiru. Na cire tsumman na juye a tafina, toka kawai ta zubo.

Na ce, "Ina irin?"

"Yana ƙasa. Duka. Ya shuke gonarsa, da ta ubanka, har bayan kango. Na ce masa, tsoho, ba ka rage ba? Ya ce bana ba ragi."

Nan na gane abin da ya yi mini. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cewa wawa ke juye gora! Ya san babu wannan dawar ko'ina a duniya sai a ƙasar nan. Ya san in ba a yi mata noman fari ba ciyawa za ta shaƙe ta, in ba a tsare ba shanu su gama da ita. Ya san kuma ba wanda ya rage sai ni. Tarko ya ɗana mini, ya kwanta a tsakiyarsa. Na miƙe ina zage-zage a tsakiyar kasuwa, wasunku suna wurin, kun riƙe ni.

Jauro ya jira na gama. Ya ce, "Da saura. Ya ce in gaya maka, ranar da mahara suka zo, ubanka ne ya cusa masa goran. Ya ce masa, kai ɗauki iri, ni in ɗauki yaro, mu haɗu bisa dutse. Shi tsoho ya kai nasa. Ya zauna bisa dutsen kwana uku yana jira. Ya ce ranar da ka tambaye shi bai iya faɗa ba, don kada ka ce ubanka ne ya kasa." Ya miƙe ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Ni kuma ina iya tsare shanuna kwana bakwai. Bayan nan ban sani ba."

Ban yi kwana bakwai ba. Washegari na sayi fartanya, na bar wa Kande rumfa.

Kada wani ya ce na sake ra'ayi. Gari ya fi. Na faɗa wa Baffa yana da rai, ina kuma faɗa masa kullum in noma ya kai ni kusa da kabarin, da ƙarfi, don ya ji. Nan ba mai magani, ba mai ba ka wuta, sauro kamar an aiko su. In na yi ihu, birai ne ke fitowa kallo.

Allah ya jiƙanka, Baffa Bawa. Allah ya yafe maka, ya yafe mini abin da na faɗa ranar nan. Ya sa ramin da ka haƙa da hannunka ya yi maka faɗi da sanyi. Ya haɗa ka da wanka, ka gaya masa kayan da ya ba ka sun iso.

Ni ina nan kufai, kan hanyar Danko, bisa rumfar korar tsuntsaye. Dawa ta yi ja. Goran yana wuyana, rabinsa cike. Da na girbe zan koma Zuru. Damina ta uku ke nan ina faɗin haka.