Zumar da Na Lasa wa Ɗana

Yayata ta shafe sama da shekara ashirin tana bin diddigin guba guda ɗaya, mu kuwa a gida likitar ɓeraye muke ce mata. Ni na raɗa mata sunan, don na taɓa leƙa ɗakin bincikenta a jami'a, ban ga majinyaci ko ɗaya ba sai fararen ɓeraye a keji, tana ta lallaɓa su.

Shanun Baba ne suka sa ta a wannan hanya. Muna yara, idan ruwa ya janye daga fadama da rani, sai ka ga saniya tana gwigwiyar ƙashin mushe, bayan 'yan kwanaki ta kwanta, harshe a waje, idonta biyu amma ta kasa ɗaga kai. Mutane suka ce iska ce. Yaya ba ta yarda ba, ta yi ta karatu har ta san cewa wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a ƙasa da cikin mushe, tana fitar da dafin da ke kashe jiki gaɓa-gaɓa. Botulinum suke ce masa. Makiyaya daga Birniwa har Kirikasamma a bakinta suka koyi binne mushe da zurfi, ɗalibanta kuwa wasu yau su ne malamai.

Sai da na yi shekara tara da aure na sami haihuwa, namiji. Yaya ta zo Haɗeja suna. Shigarta ɗaki ke da wuya ta hango kwalbar zuma, farar saƙa, da aka kawo mini daga Kafin Hausa. Ta ɗauke ta ta ɗora can saman kabad.

"Kada ki lasa masa wannan sai ya shekara."

"Haba Yaya, zuma fa? Waraka ce. Da ita aka buɗe mana baki ni da ke, ga mu nan garau."

"Ban ce ba waraka ba ce. Ki sha, maigidanki ya sha. Ƙwayar nan takan ɓuya a cikinta, shi kuwa hanjinsa bai yi ƙwari ba."

Na ce to, irin wadda ake ce wa babba don a huta. Tana fita na dinga kwaikwayon muryarta, 'yan suna suna ta dariya.

Yana wata uku tari ya kama shi. Na taka kujera na sauko da kwalbar. A raina na ce abinci ta hana, ni kuwa magani zan bayar. Tari ya lafa, sai kuma ya daina kashi. Maganin wannan ma a wurinmu zuma ce a ruwan ɗumi, don haka na ƙara masa. Kwana huɗu ina ƙarawa.

Ranar da ya saki nono, wuyansa ya langaɓe, idanunsa suka ƙi buɗuwa sosai, na kira ta da hantsi. Ta ce in kara wayar a bakinsa. Kukan nasa da kyar yake fita. Tana ji ta ce mu wuce asibiti yanzu-yanzu, ga ta nan tafe. Ba ta tambaye ni abin da na ba shi ba.

A asibiti aka ce injin da zai taya shi numfashi sai Kano. Yaya na isowa muka shiga mota. Ita ta rungume shi a motar, tana matsa masa robar hura iska da hannunta, tana kirga kowane numfashi a fili. La'asar ta yi mana a hanya, daga nan na ji ta daina kirgawa.

Bayan an share makoki ta shigo ɗakina. Kwalbar na nan gefen gado, ta yi rabi, na kasa ko taɓa ta. Na so ta zage ni, wallahi na so, ko zuciyata ta sami sauƙi.

"Yaya, ni na kashe shi."

"Kul, kada ki ƙara faɗa. Kwanansa ne ya ƙare." Ta ɗauki kwalbar tana jujjuya ta. "Makiyayan da ban sani ba na zauna na fahimtar da su, ke kuwa umarni kawai na ba ki na fice. Me ya hana ni tafiya da ita ranar nan?"

Ta saka ta a jakarta. Har yau ban ƙara haihuwa ba, ban kuma ƙara ce mata likitar ɓeraye ba.